"Sai mi yaf faru?" Littattafan da na kai wa Inna a dogon hutun bana

Ranar da muka raba wa ɗalibai sakamakon zango na uku ban ƙara kwana biyu a Birnin Kebbi ba. Tun da sanyin safiya ni da yara muna tasha, mun nufi Argungu wajen Inna. Jaka biyu na ɗauka, ɗaya ta tufafinmu, ɗayar ta littattafai, waɗanda na yi wata tara ina tarawa ina kallon su a kan kanta, duba takardun ɗalibai bai bar ni na buɗe su ba.

A Turai da Amurka idan lokacin zafinsu ya zo, jaridu kan cika da shawarar abin da mutum zai karanta a bakin teku. Mu namu dogon hutun a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma a wurina ya fi nasu dacewa da karatu. Idan marka ta sauka a watan Agusta sai a wuni biyu ba a ga rana ba. Ba fita sai dole. Fadama ta cika ta batse, shinkafa ta yi kore shar, kwaɗi na ta kuka tun daga magariba. Ga gasasshiyar masara, ga dafaffiyar gyaɗa a faranti, ruwa na sauka a kan kwano. Me ya rage wa mutum in ba littafi ba?

Kafin in faɗi abin da na karanta, bari in faɗi yadda nake gane littafi mai daɗi. Inna ba ta yi boko ba. Ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, tana kuma karanta waƙoƙin wa'azi na ajami, har idonta ya fara rauni shekara huɗu da suka wuce. Tun daga lokacin muka ɗauki wata al'ada. Bayan sallar isha'i, idan an kwashe kwanuka an kunna maganin sauro, sai in zauna a bakin gadonta in ba ta labarin abin da na karanta a ranar, da Hausa, da ka, ba littafi a hannuna. Idan labarin bai kama ta ba za ta saurara don kara, ta ce "Allah shi kyauta," ta jawo rediyonta. Idan kuwa ya kama ta sai ta ajiye carbi a kan cinya ta ce, "To, Malama, sai mi yaf faru?" Da wannan tambayar nake auna littafi. Wanda ya iya fitowa daga Turanci, ya bi ta bakina, ya shiga kunnen tsohuwa har ta nemi ci gaba, to akwai labari a cikinsa.

Wanda ya fi kowanne samun tambayar a bana shi ne Heart Lamp, wato fitilar zuciya, na Banu Mushtaq. Musulma ce, lauya, daga jihar Karnataka a kudancin Indiya. Da harshen Kannada ta yi rubutun, Deepa Bhasthi ta mayar da shi Turanci. Gajerun labarai ne guda 12 da ta rubuta tsakanin 1990 da 2023, kuma shi ya ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2025, karo na farko da tarin gajerun labarai ya ci ta. Saboda kyautar na saye shi. Abin da ban zata ba shi ne in buɗe littafin Indiya in tarar da unguwarmu a ciki. Mu da muka tashi da kallon finafinansu mun ɗauka rawa da waƙa da furanni su ne ƙasar. Sai ga matar da miji ya juya wa baya, ta yi yaji zuwa gidan iyayenta, 'yan'uwanta maza suka tasa ta a gaba suka mayar da ita don kada a yi da su a gari. Ga wadda aka bari da 'ya'ya mata tana safa da marwa wurin shugaban masallaci a bi mata hakkinta. Ga kaciyar gayya da masu hali suka shirya wa 'ya'yan talakawa. In ka cire sunayen abinci da na tufafi, duk na san gidajen nan.

Labarin da ya tsaya mana a rai shi ne na likkafani. Wata mai hali za ta tafi aikin hajji, ana ta zuwa yi mata sallama. Sai wata tsohuwa da ta ƙare rayuwarta tana aikatau a gidajen mutane ta zo da 'yan kuɗin da ta daɗe tana ƙullewa, ta roƙi abu ɗaya tak, a sayo mata likkafani a Makka a tsoma shi a ruwan zamzam. Hajiya ta amsa. Da aka je can tsaraba ta ɗauke mata hankali, ta dawo ba likkafani. Kwanci tashi, sai ga ɗan tsohuwar a ƙofar gida. Uwarsa ta cika, ya zo karɓar saƙonta.

Da na kawo nan Inna ba ta tambayi komai ba. Shiru ta yi har na zaci barci ya sace ta. Can sai ta ce, "Wagga mata ba muguwa ba ta. Ƙoshi yas sa ta mantuwa." Washegari da hantsi na ga ta jawo tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado. Ta ɗaga murfin, ƙamshin kafur ya cika ɗakin, ta yi ta ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga wani turmin atamfa da ke cikin ledarsa ba a taɓa warware shi ba. Ta miƙa wa babban ɗana ta ce ya kai wa wata tsohuwa da ke yi mata surfe a da. Ashe tun sallar bara ta yi mata alkawari. Ba ta ce mini komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Ku neme shi. Labari ɗaya ya ishi dare ɗaya, kuma kada ku yi gaggawar cinye shi, don wasu labaran sai an kwana da su.

Na biyu a wurin Inna, na farko a wurin Kawu, shi ne River Spirit na Leila Aboulela, 'yar Sudan da ke zaune a Birtaniya, wanda ya fito a 2023. Zamanin Mahadin Sudan ne, Muhammad Ahmad, wanda ya bayyana da'awarsa a 1881, har mayaƙansa suka ci Khartum a 1885 aka kashe Janar Gordon. Amma ba janarori ne a tsakiyar labarin ba. Wata yarinya ce daga kudu, Akuany, mahara suka kashe mahaifinta, ta rage daga ita sai ƙanenta. Wani saurayi ɗan kasuwa, Yaseen, ya ɗauki alkawarin kula da su, sai karatu ya kai shi Azhar, ita kuwa ta faɗa bauta, aka sauya mata suna zuwa Zamzam, tana fita wannan gida tana faɗawa wancan. Yaseen ya dawo malami, ya duba abin da ya karanta ya ce wannan mutumin ba shi ne Mahadin da ake jira ba, a lokacin da faɗin haka ke iya raba mutum da kansa.

Abin da ya sa nake girmama marubuciyar shi ne ta ba kowa baki. Mabiyin Mahadi ya yi magana da kansa, ka ji irin zaluncin mulkin Turkawa da Masar da nauyin harajin da ya ingiza talaka ga takobi. Malamin da ya ƙi bi ya kawo hujjarsa. Mata sun yi magana, har Bature an ba shi nasa babin. Ba ta yanke wa mai karatu hukunci ba, ta bar shi da nauyin.

Daren da nake ba da wannan labarin Kawu ya shigo gaida Inna, ruwa ya tsare shi. Tsohon malamin firamare ne, ƙanenta, ba ya jin tarihi ya yi shiru. Shi ya tuna mana cewa abin ai ya taɓo mu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga Adamawa ya yi wa wannan Mahadin mubaya'a. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu yake ɗauke da sunansa har yau. Inna ta ce, "Ashe 'yan'uwa na." Sai da fitilar caji ta fara dusashewa muka tashi.

Ba kowane littafin da nake so ne ya samu shiga wurin Inna ba. When We Were Fireflies na Abubakar Adam Ibrahim, da kamfanin Masobe ya buga a 2023, tun a farko ta tare ni. Sunan yana nufin ƙwarin nan masu walƙiya da ke cika fadama da dare a irin wannan lokaci. Wani mai zane ne, Yarima Lalo, ya yi arba da jirgin ƙasa yana tafiya, sai ya tuna cewa an taɓa kashe shi har sau biyu a wasu rayuwoyi da suka gabata, ɗaya a cikin jirgi. Shi da wata mata, Aziza, suka bazama neman waɗanda suka san shi a wancan lokaci, masoya da maƙiya, ga kuma mutuwa ta uku tana tafe. Inna ta ce, "Wanda yam mutu ya mutu, Malama. Bari wanga." Ta fuskar aƙida gaskiyarta ce, ni ma ban karanta shi a matsayin aƙida ba. Tatsuniya ce marubucin ya ara don ya yi tambayar da babu wata hanyar yin ta: da wanda aka kashe zai dawo ya tsaya a gaban wanda ya kashe shi bayan shekaru masu yawa, me za su ce wa juna? A yankin da mutanen Zamfara da na kudancin Kebbi suka yi shekaru suna binne 'yan'uwansu ba a kama kowa ba, wannan tambayar ba wasa ba ce. Kwana uku na yi na gama shi, kuma na yi kuka a ciki. Littafinsa na baya, Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala dubu 100 a 2016, rubutu ne na gwani, amma na manya ne. Kada a bar shi a inda yara ke wasa.

Theft na Abdulrazak Gurnah, ɗan Zanzibar da ya ci kyautar Nobel a 2021, a 2025 ya fito. Wani yaro ne, Badar, aka kai shi aikatau wani gida a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, ba a gaya masa matsayinsa a gidan ba, daga baya aka ɗora masa sata. Duk wanda ya taɓa zama ɗan riƙo, ko ya riƙe ɗan wani, zai ji shi a jikinsa. Gurnah ba ya ɗaga murya, a hankali yake tafiya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, sai ka yi nisa ka ga ashe ya gama da kai. Ƙanwata ta ɗauke shi ta tafi da shi Jega. Dream Count na Chimamanda Ngozi Adichie, shi ma na 2025, mata huɗu ne a ciki. Uku daga cikinsu 'yan boko ne masu hali, na bi rayuwarsu ban ƙosa ba amma ba su riƙe ni ba. Ta huɗun, Kadiatou, Bafulatanar Gini mai gyaran ɗakuna a wani otal a Amurka, wadda wani babban mutum ya ci wa zarafi, ita ce ta sa na ga kuɗina bai tafi a banza ba. Nata kaɗai na ba Inna.

A ɓangaren abin da ya faru da gaske, wanda na fi daɗewa a kansa shi ne What Britain Did to Nigeria na Max Siollun, na 2021. Mutane na jin littafin tarihi sai su tuna jarrabawa. Wannan ba haka yake ba, Turancinsa mai sauƙi ne, babi-babi gajeru, kuma ba ya yi wa kowa kara. A nan za ka ga cewa kafin gwamnatin Ingila kamfani ne ya fara mallakar yankin nan, kamfanin Neja na George Goldie da ya samu izinin sarautar Ingila a 1886, kuma da gwamnati za ta karɓa a ranar 1 ga Janairun 1900 sai da ta biya shi fam dubu 865. Ciniki aka yi da mu muna zaune a gidajenmu.

Inda na ajiye littafin na fita tsakar gida na tsaya shi ne Satiru. Ƙauye ne kusa da Sakkwato. A watan Fabrairun 1906 talakawa da bayin da suka gudo, ƙarƙashin malamai irin su Ɗan Makaho, da gatura da fartanyu da kibau suka tarwatsa rundunar sojan doki, suka kashe Turawa uku, har suka ƙwace bindiga mai ruwa. Wata guda bayan haka aka dawo musu da ƙarfi, aka kashe mutum kimanin dubu biyu, aka shafe garin. A sanadin wannan tashin ne ma Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin. Ni da na yi firamare da sakandare a jihar nan, na yi digiri a Sakkwato, ba a taɓa koya mini Satiru a aji ba. Ɗalibaina kuwa da suka taso a shekarun da aka cire tarihi daga manhaja ko sunan ba su taɓa ji ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, kuma zangon da za mu shiga sai na faɗa musu, ko da a darasin Turanci ne.

Kawu ya ƙara mini da wani abin da ya kamata mai karatu daga Argungu ya riƙe. Kabawa sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna yaƙi da Gwandu da Sakkwato, don haka da Turawa suka iso zamanin Sarki Sama'ila ba a yi yaƙi da su a nan ba. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sulhu, aka shirya masa kamun kifin da ya zama bikin da duniya ta san mu da shi. Labarin zuwan Turawa ba iri ɗaya ba ne a kowane gari, ko da tsakaninsu tafiyar awa biyu ce.

An African History of Africa na Zeinab Badawi, 'yar jaridar BBC haifaffiyar Sudan, a 2024 ya fito. Ta zaga ƙasashen Afirka sama da 30 tana jin tarihi daga bakin masanan ƙasashen. Yana da kauri, ba a karanta shi a jere, babi ɗaya nake ɗauka in na ga dama. Yarana sun ƙi yarda cewa dalar da ke Sudan ta fi ta Masar yawa sai da na nuna musu hotuna a waya.

Akwai wani wanda ba sabo ba ne amma ba zan tsallake shi ba, domin a kansa ne Inna ta zama malama ni na koma ɗaliba. One Woman's Jihad na Beverly Mack da Jean Boyd, na shekarar 2000, kan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ina cikin bayanin yadda take naɗa jaji, wato jagorar mata, ta ba ta malfa da jan rawani, ta tura ta ƙauyuka ta koyar da mata ta hanyar waƙa, sai Inna ta yi dariya ta ce, "'Yan taru kika nuhi? Ke za ki gaya man 'yan taru?" Ashe kakarta tana cikin masu bin jaji zuwa Hubbare da sadakar hatsi da man shanu. Ta gyara zama ta rera mini baitocin da ta koya a bakin tsohuwar, muryarta na rawa. Na ɗauka a waya. Littafin ya ba ni shekaru da sunaye, Inna ta ba ni sautin.

Wani zai ce, Malama, duk Turanci kika lissafo. Wannan shi ne abin da ke damuna, kuma ba don babu na Hausa ba ne. A jakar nan akwai So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, labarin Bafulatana Boɗaɗo da ta kafe a kan wanda take so duk da ba Bafulatani ba ne. Marubuciyar haifaffiyar Kano ce amma ta yi zaman Gusau mai tsawo, har ta taɓa neman takarar gwamnan Zamfara, kuma ita ake ɗauka mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Akwai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin Rabi da Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. Na ajiye shi kusa da Heart Lamp a kan taga, na ga kamar ƙawaye ne biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Waɗannan ba sai na fassara wa Inna ba, karanta mata nake yi kai tsaye, kuma dariyarta a kansu daban ce. Ga masu son waƙa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan jihar nan, yana da littafi sukutum kan Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Kawu ya aro shi tun makon farko.

Sabon rubutun Hausa kuwa yanzu a waya yake. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata, ta fito da marubuta masu hannu. A 2020 Maryam Umar daga Sakkwato ce ta ci da "Rai da Cuta", labarin matar da mijinta ya ƙi yarda akwai korona har ya jawo mata. Gajeru ne, ana karanta su a rediyo, don haka Inna ta riga ni jin su. Dogayen labarai kuma suna nan a Wattpad da ArewaBooks da zaurukan WhatsApp, shafi-shafi kullum. Akwai tarkace a ciki, ba na musu, wasu don batsa kawai ake rubuta su. Amma akwai 'yan mata da matan aure da ke rubutu mai kyau da babban yatsa bayan sun kwantar da yara, masu kunnen jin yadda mutane ke magana fiye da wasu masu digiri. Roƙona ɗaya ne. Idan marubuciya ta ce a biya kafin a karanta, a biya. Na sha ganin an kwafe littafin mutum sukutum an watsa a zaure, ana godiya ga wadda ta watsa, ba wanda ya tuna da wadda ta yi wata shida tana rubutawa. Hakki ne, kuma mu da muke kukan babu littattafan Hausa mu muke kashe su da hannunmu.

Maganar samu kuwa, a Birnin Kebbi littafin makaranta da na addini ne suka cika shaguna, irin waɗannan sai an aika Abuja ko Legas. Sun yi tsada, ba na ɓoyewa. Mu huɗu a ofishin malamai muka yi abin da ya yi kama da adashi, kowa ta sayi biyu, mu riƙa musanye, a ƙarshen shekara kowa ta karanta takwas. Waɗanda Masobe da Cassava Republic suka buga a nan gida sun fi waɗanda aka shigo da su sauƙi. In za a ba direba saƙo a wannan lokaci a ce wa mai shago ya naɗe shi da leda biyu. Bara wani ya iso mini a jiƙe, sai da na shanya shi shafi-shafi a kan tabarma.

Yara ma ban bar su haka ba. Babban, mai shekara 11, na ba shi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya, da sharaɗin kullum bayan la'asar ya karanta wa kakarsa labari guda da babbar murya. Da farko yana in-ina yana tsallake ƙugiya, ya ce "kasa" a inda aka rubuta "ƙasa", Inna na gyara masa daga inda take kwance ba tare da ta ga shafin ba. Yanzu har murya yake sauyawa in aku zai yi magana.

Saura mako biyu a koma makaranta, kuma akwai guda a ƙasan jaka da ban buɗe ba, sabon na Max Siollun na 2025, The Forgotten Era, kan ƙasar nan kafin zuwan Turawa. Jiya na so in fara shi, sai Gwaggo ta zo daga Gulma da ƙullin busasshen kifi, ruwa ya hana ta komawa. Bayan isha'i Inna ta ce, "Malama, maida mata labarin likkahwanin nan." Na fara. Ban kai ga inda Hajiya ta sauka Makka ba Inna ta karɓe daga bakina, ita ta ƙarasa shi, har da abin da tsohuwar ta ɗaura ranar da ta zo sallama, wanda ni ban taɓa faɗa mata ba.